Yadda ake farfaɗo da tsohuwar jitar bes ta hannu ba tare da an kashe mata daraja ba

Tambayar nan ta yi yawa, duk wanda ya tsinci tsohuwar bes sai ya turo min hoto yana cewa oga daga ina zan fara. Wani a siton cocinsu ya ganta jingine a bayan matattun sifiku, wani a wajen masu kayan Beljiyam ya saya, wani kuma gadonta ya yi wajen kawunsa da ya taɓa kiɗa a wata ƙungiyar makaɗa shekarun baya. Kuma gaskiya Jos akwai irin waɗannan kayan a ɓoye, gari ne da aka daɗe ana kiɗan jita a coci da wajen biki, hedikwatar ECWA da ta COCIN duk a nan suke, kayan kiɗa sun shigo sosai. Toh ga matakan a jere yadda nake bi.

Magana ɗaya nake so ka riƙe kafin mu fara. Bes ɗin da ba a samun irinta, darajarta tana jikin kayanta na asali ne, har fentin da ya koɗe ɗin nan da kake gani kamar muni. Saboda haka duk abin da za ka yi mata ya zama wanda za a iya warwarewa gobe, kuma ko sukuru ɗaya kar ka yar.

1. Fara sanin wace ce a hannunka

Kar ka ɗauki sukundireba tukuna, wayarka za ka ɗauka. Yi mata hoto gaba da baya, kai, wuya, birij wato ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi a jikinta, ƙarfen da ke bayan wuya, duk inda ka ga rubutu ko lamba.

Yawancin masu kyau da ke faɗowa hannunmu 'yan Japan ne na wajen 1975 zuwa 1987, irinsu Aria Pro II da Westone da masana'antar Matsumoku ta yi kafin ta rufe a 1987, da Ibanez da Greco, da Yamaha BB da aka fara a 1977, sai Squier masu lamba da ta fara da JV na 1982 zuwa 1984, in ka samu wannan kam ka yi sa'a babba. A Ibanez na lokacin harafin farko wata ne, lambobi biyu na gaba shekara, kaga B80 na nufin Fabrairu 1980 kenan. In kuma ana ce maka 'yar Amurka ce, buɗe inda bolum yake ka duba bayansa, idan ka ga lamba ta fara da 137 to na kamfanin CTS ne, biyu na gaba shekara, biyu na ƙarshe mako, misali 1377824 mako na 24 ne a 1978.

Gargaɗi a nan: sunan da ke kan kai ba hujja ba ne. Sitikar Fender, fitaccen kamfanin jita na Amurka, ana manna ta a kan komai, 'yan kasuwar Alaba ta Legas ma sun san haka. Lambar bolum da tambarin da ke gindin wuya sun fi sunan kai gaskiya.

Sai ka ɗauko tef ka auna daga ɗan ƙashin nan da tsirkiya ke hawa kusa da kai zuwa firet na 12, firet su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a fuskar wuya, ka ninka biyu. In ka samu inci 17 to bes ɗinka mai inci 34 ce, wadda aka saba. In 15 ne gajeriya ce mai inci 30, tsirkiyarta daban ce, rubuta ka ajiye don ranar sayayya.

2. Wuya, kafin ka kashe ko naira ɗaya

Nan ne ake sanin ko aikin zai yiwu. Wutar bes ko ta mutu murus ana tayar da ita, birij ana samu, amma wuyan da ya murɗe ko rodin cikinsa ya karye shi ne yake cinye kuɗin mutum a banza. In ba ka riga ka biya ba, a gaban mai ita za ka yi wannan binciken.

Ɗora gindinta a ƙasa ka leƙa daga kai zuwa ƙasa da ido ɗaya, ka bi gefen tsirkiya mai kauri, sannan ka bi gefen siririyar. Idan duka gefen biyu sun lanƙwasa iri ɗaya babu damuwa, wannan aikin rodi ne. Amma idan gefe ɗaya ya miƙe ɗayan ya lotsa, wuyan ya murɗe, wannan ya fi ƙarfin gyaran gida, ko dai ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Duba kuma can ƙarshe inda wuya ya haɗu da jiki ko ya ɗaga sama, tsofaffin bes suna yawan yin haka.

Yanzu rodi. A cikin wuya akwai rodin ƙarfe da ke danne jan tsirkiya, notinsa yana wajen kai ko a gindin wuya. Sassauta tsirkiyoyi, sa alanki da ya zauna daram, ka juya HAGU tukuna wato sassautawa, kaɗan kawai. Ya motsa? Madalla, mayar da shi inda yake. In yana juyawa sakayau babu wani nauyi ko ta ina, ko kana jin ƙarfe na kaɗawa a ciki idan ka ƙwanƙwasa bayan wuya, akwai matsala babba.

Don Allah in ya ƙi motsi kar ka sa ƙarfi, kar ka ƙara wa alanki bututu don ya yi tsawo. Ɗiga masa WD-40 kaɗan a kan notin ka bar shi ya kwana, gobe ka sake gwadawa ta hagu. In notin mai fita ne ka cire shi gaba ɗaya ka goge zaren ka shafa ɗan giris. Sannan alankin Japan na milimita ne, galibi 4 ko 5, na Amurka na inci ne, suna kama da juna amma in ka cusa wanda bai dace ba sau ɗaya tak zai cinye bakin notin, daga nan sai kuka.

Ƙarshe duba ko akwai ƙananan ramuka a katako masu zubar da gari, ƙwaro ne. In a wuya ne kuma sun yi yawa, ni dai ba na saye.

3. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Ba wasu kayan a zo a gani ba ne: sukundireba mai bakin sita babba da ƙarama masu sabon baki, alanki na milimita da na inci, filaya da abin yanke waya, rular ƙarfe mai milimita, mita ta masu gyaran rediyo, ayan ɗin liƙi mai wat 40 da dalma mai 60/40, salatif na takarda, tsohon buroshin haƙori, tsummokin auduga, tsinken sakace, gam ɗin katako irin Top Bond, ƙaramar zarto ta goge ƙarfe, soson ƙarfe mai lamba 0000, da manhajar saita sauti a wayarka. Mita da ayan da dalma za ka samu a shagunan kayan lantarki na wajen Terminus da Ahmadu Bello Way, gam da samfefa da guntun katako mai tauri kuma Katako.

Maganar kuɗi, farashin kayan jita yana bin dala ne, don haka ka tambaya a ranar da za ka saya, amma tsarin ba ya canzawa. Gam, tsinke, salatif da mai ba komai ba ne. Jak, wato ramin da ake jona igiya, da bolum da kafasita suna tsakiya. Tsirkiya mai kyau saiti ɗaya takan fi su tsada duka a haɗe. Waɗanda ke kwashe aljihu su ne kunnuwan ɗaure tsirkiya, fikof wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da sake firet gaba ɗaya, ga kuɗin webil in daga Legas za a turo maka. Shawarata, kar ka sayi kayan canji sai ka gama mataki na 8 ka rubuta duk abin da ya mutu da gaske, ka yi oda sau ɗaya. Mutane da yawa suna fara sayen sabon fikof, daga baya a gano waya ɗaya ce ta tsinke a jak.

In ka lissafa ka ga gyaran wuya kaɗai zai kai kuɗin da ka sayi bes ɗin, tsaya ka sake tunani, sai dai in irin wadda aka ambata a sama ce.

4. Kwancewa

In daga Legas ko Fatakwal aka kawo ta, bar ta a cikin jakarta a ɗaki mako ɗaya ko biyu kafin ka taɓa komai, katakon yana buƙatar ya saba da busasshiyar iskar Jos.

Shimfiɗa bargo a kan tebur. Kafin ka cire tsirkiya jona ta a amfilifaya ka ji abin da ke aiki da wanda ba ya yi, ka rubuta. Sai ka sassauta tsirkiyoyi a hankali ka cire, kar ka datse su suna ɗaure. Kar ka yar da su, da su za ka yi gwajin farko.

Kowane rukunin sukuru ledarsa daban da rubutu a jiki, na birij, na wuya, na kunnuwa, na farantin roba. Sukurun Japan bakinsu ya ɗan bambanta da wanda muka saba, ka danna sukundireba sosai kafin ka juya in ba haka ba za ta zame ta cinye kan ko ta karce fenti. Yi wa wayoyin ciki hoto daga kusa ta kowane ɓangare kafin ka taɓa ko ɗaya.

In wuyan mai sukuru huɗu ne, riƙe shi da jiki tare lokacin da kake cire na ƙarshe, ka ɗaga shi sama miƙe, kar ka jijjiga shi gefe da gefe don fentin bakin ramin yana ɓantarewa. In ka tarar da guntun kati ko takarda a ramin, ba datti ba ne, da shi aka gyara kwanciyar wuya, ajiye shi ka kuma tuna inda yake. Wadda wuyanta ya zarce cikin jiki ba ta fita, kar ka nema.

Tsohon farantin roba yana tsukewa in ya daɗe a cire, sai ramukansa su ƙi haɗuwa da na jiki. Ɗaure shi a kan wani allo da sukuru har ka gama.

5. Wanki

A nan aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. Mutum ya ga fenti ya dushe sai ya kwashe ta ya kai wa mai fentin mota a Dilimi, a kankare a fesa ja mai ƙyalli, shikenan an gama da ita, bes ɗin da ta shekara arba'in da kayanta ta koma kamar ta kowa. Kar ka sake fenti. Karce da ɓantarewa ka bar su, su ne shaidar shekarunta.

Fara da gwajin fenti. Jiƙa ɗan auduga da man goge jan farce ka taɓa wani lungu da ba a gani, kamar ƙarƙashin farantin roba. In wajen ya yi laushi ko ya yi danƙo, fentin naitiro ne, sifirit da tina da turare duk suna narka shi. In bai nuna komai ba foli ne mai tauri, yawancin 'yan Japan haka suke. Kowanne ne dai, tsumma mai ɗan danshi da aka matse sosai shi ne farko, ka bi da busasshe nan take. Daƙƙararren datti da gam ɗin sitika, man laita irin na Zippo yana cire su kuma ba ya cin fenti, amma ka yi a waje nesa da wuta. Banda fetur, banda Omo, banda abin fesa wa kujeru don yana da silikon.

Fuskar wuya inda yatsu ke takawa, in katako ne mai duhu marar fenti, kankare dattin gefen firet da tsohon katin ATM, ka bi da buroshin haƙori, sannan ɗigo kaɗan na man lemo na jita ko man jarirai a tsumma, ka shafa, bayan minti biyar ka goge tas. Kaɗan fa, ba jiƙa shi za ka yi ba, mai da yawa yana shiga ƙarƙashin firet ya sassauta su. Man gyaɗa da man ja da man zaitun suna yin ɗoyi da danƙo, kar ka kusanta. In kuma fari ne mai sheƙi, yana da fenti, tsumma kawai.

Ƙarafa: sukurun da suka yi tsatsa jiƙa su a binega na 'yan awanni, goge da buroshi, ɗauraye, busar sosai, shafa ɗan mai. Amma masu ruwan gwal ko masu sheƙin kurom kar su shiga binega kuma kar ka sa musu soson ƙarfe, WD-40 da tsumma ya isa. Ƙananan sukurun da ke ɗaga sadul, wato ƙarafan da tsirkiya ke hawa a kan birij, su ne suka fi kamewa saboda gumin hannu, jiƙa su a mai su kwana biyu kafin ka gwada. Haƙoran kunnuwa ka wanke da man laita ka shafa Vaseline kaɗan.

6. Ramuka da tsaga

Ramin sukuru da ya buɗe, kamar na maɓallin rataya ko na faranti, tsoma tsinken sakace biyu ko uku a gam ka cusa, karya daidai baki, bari ya bushe, mayar da sukurun asali. Kar ka nemi wanda ya fi shi girma. Na wuya huɗun nan kam tsinke ba zai riƙe ba don nauyin da ke kansu, sai kafinta mai hankali ya huda ya cusa katako mai tauri da gam, a sake huda sabon rami siriri, kuma a naɗa salatif a bakin abin hudar don kar ya zarce ya fito ta fuskar wuya.

Tsaga a katako, buɗa ta kaɗan ka tura gam ɗin katako har ciki, matse da kilam da guntun roba ko kwali a tsakani, goge wanda ya fito da tsumma mai danshi, bar shi awa 24. Sufa gulu ba na wannan ba ne, yana bushewa kafin ka daidaita kuma in ya ɗiga a fenti ya zauna kenan. Layukan da ke kan fenti kawai ba su shiga katako ba, ƙyale su. Kai da ya karye ko rodi da ya tsinke, nemi wanda ya taɓa yi ka ga aikinsa da idonka.

7. Firet da ƙashi

Liƙe fikof da salatif gaba ɗaya kafin soson ƙarfe ya shigo ɗakin, saboda maganaɗisu ne, zai janye duk garin ƙarfen ya shige ciki. Liƙe katakon da ke tsakanin firet shi ma, sai ka goge kowane firet har ya yi haske.

Don gano wanda ya fi 'yan uwansa tsawo, ɗora gefen katin ATM a kan firet uku a jere, dogon gefe a wajen kai, gajeren gefe can ƙasa inda suka matsu. In katin yana rawa na tsakiyar ya ɗaga. Sau da yawa ba gogewa yake so ba, fitowa ya yi daga raminsa, ɗora guntun katako ka buga a hankali da ƙaramar guduma ya koma. Firet da suka lotsa sosai a ƙarƙashin tsirkiya aikin gwani ne, kuma ka fara saita bes ɗin ka ji tukuna, wataƙila ma ba za su dame ka ba.

Bakin firet da ke yankar hannu a gefen wuya ciwon Jos ne, hunturu ke tsuke katako ƙarfe ya leƙo. A cikin hunturun za ka goge su, wajen Janairu lokacin da suka gama fitowa, da ƙaramar zarto kana turawa ƙasa, salatif a gefe.

Ƙashin wuya in ya fashe ko ramukansa sun zurfafa har tsirkiya na kwanciya a firet na farko, ana sassaƙa sabo da ƙashin ƙafar sa daga wajen mahauta, a dafa shi sosai a cire kitsen a busar, in da sauran maiƙo gam ba zai kama ba. Kwaikwayi tsohon wajen faɗi da tazarar ramuka, ka bar shi da ɗan tsawo don ragewa ake yi ba a ƙarawa. Ɗigon gam biyu ya isa. Goga bakin fensir a cikin ramukan.

8. Wuta

Fara da fikof tunda shi ne mai tsada. Sa mita a ma'aunin om na 20k, jona igiya a jak, buɗe bolum duka, ka taɓa kan filogin ɗaya gefen da jikinsa. Irin na Precision, samfurin Fender mai fikof ɗaya, yakan nuna wajen 10k zuwa 11k, irin na Jazz mai fikof biyu kuma kowanne wajen 7k zuwa 8k in ka buɗe bolum ɗinsa shi kaɗai. In ka ga sifili wani wuri ya haɗe, in ka ga lamba babba ƙwarai ko mita ba ta nuna komai ba wani wuri ya yanke. Kar ka yanke hukunci tukuna, cire wayar fikof ɗin daga bolum ka auna shi shi kaɗai. In ya nuna daidai ka huta, matsalar mai arha ce. Wannan awon na bes marar batir ne.

In fikof ɗin ne ya mutu, duba inda wayoyinsa biyu suka liƙe a gindinsa, sau da yawa sabunta dalmar wajen kawai ke tayar da shi. Amma kar ka warware zaren ko salatif da aka naɗe shi da shi, wayar ciki siririya ce kamar gashi, farce ma yana tsinka ta. In ya ƙi, cire shi ka adana don ana sake naɗa su, ka sa wani da zai shiga ramin ba tare da an sassaƙe katako ba. Faɗaɗa rami ba ya warwaruwa.

Bolum mai ƙarar ƙasa-ƙasa idan ana juyawa, fesa masa abin wanke mahaɗar lantarki ta ɗan ramin da ke kusa da ƙafafunsa, ka juya shi gaba da baya sau da yawa. Ba WD-40 na yau da kullum ba. Sai ya ƙi sannan a canza, kuma da irin lambarsa, a bes irin Fender 250k ne, nemi mai A250K, kafasita kuma 0.047. Tafi kasuwa da tsohon a aljihu don wuyan na Japan ya fi na Amurka siranta, kar ka sayo wanda zai sa ka huda faranti. Wajen liƙa waya a bayan bolum, kankare wajen ya yi haske, ayan ya yi zafi sosai, ka yi sauri, in ka daɗe kana gasawa cikin zai lalace. Rufe jikin bes da kwali, ɗigon dalma ɗaya yana huda fenti. In ba ka saba liƙi ba kai wa mai gyaran rediyo da hotunan da ka ɗauka, ka zauna a wajen, ka ce masa kar ya canza komai sai abin da ka nuna.

Jak yawanci datti ne ko harshensa ya saki. Goge, ɗan lanƙwasa harshen ciki, ɗaure notin kana riƙe da shi ta ciki don kar ya juya ya tsinke waya.

Sai gurnani. In ka taɓa tsirkiya ya ragu, at ɗinka, wato wayar ƙasa, lafiya, abin da ya rage shi ne ka shimfiɗa salatif na tagulla a cikin ramin wuta ka haɗa shi da at. In ka taɓa tsirkiya babu canji amma ka taɓa ƙarfen jak ya yi shiru, wayar da ke ƙarƙashin birij ce ta rabu, ɗaga birij ka kankare ka mayar. In kuma taɓawar ƙara gurnanin take yi, an juya wayoyin jak ne. Irin Jazz dama tana ɗan gurnani in ba a buɗe bolum biyun daidai ba, haka aka yi ta.

Wannan ka ji da kyau: in tsirkiya tana jan ka ko makirfo na cizon leɓe, ba laifin bes ba ne, amfilifaya ce ko soket ɗin ba shi da at, musamman a kan janareta. Wuta ce mai ƙarfin 230V, tana kisa. Ajiye jitar a kira mai gyaran wuta.

Mai batir kuma, 9V ne, wasu guda biyu. Duba ko tsohon ya zubar da ruwa ya ci maƙalin, canza maƙalin da batir kafin ka zargi allon wutar da ke cikinta. Jak ɗinta mai ƙafa uku ne, shi ne makunnin batir, kar a sa mata mai ƙafa biyu, kuma in ka gama kiɗa zare igiya.

9. Haɗawa da saiti

Mayar da komai, soson da ke ƙarƙashin fikof in ya ruɓe yanka sabo. Wajen mayar da sukuru a katako juya shi baya kaɗan har ka ji ya faɗa tsohon zarensa sannan ka ɗaure. Fara gwaji da tsofaffin tsirkiyoyi, in komai na magana sai ka sa sababbi. Ga tsohon wuya ni na fi son masu lambar kauri 40 zuwa 100 ko 45 zuwa 100, ba su cika ja ba kamar 45 zuwa 105. Jabu sun cika kasuwa, D'Addario na gaske yana da lamba a ledar ciki da ake tantancewa a shafinsu. Bar kamar santimita 9 bayan sandar kunne, lanƙwasa kafin ka yanke, cusa bakin a ramin tsakiya, naɗi biyu ko uku suna gangarowa ƙasa. Saita sautinsu E A D G, daga mai kauri zuwa siririya.

Jerin nan kar ka tsallake ko ka juya shi, kowanne yana taɓa na bayansa.

Na farko lanƙwasar wuya. Danne tsirkiyar E a firet na 1 da na ƙarshe, wani ya taya ka, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Kamar 0.3 na milimita ake so, kaurin katin komfilimentari. Ta yi yawa, ɗaure rodi dama. Babu tazara sam, sassauta hagu. Kwatar juyi kawai ko rabin haka, ka sassauta tsirkiya kafin ka ɗaure, ka sake saita sauti, kuma tsohon wuya ka ba shi kwana ɗaya kafin ka ƙara. In ya ƙure kuma wuya bai miƙe ba, tsaya nan, cire notin ka sa zoben ƙarfe na noti ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa, yakan ba da ƙarin wuri.

Na biyu tsayin tsirkiya. Auna a firet na 17 daga kan firet zuwa ƙasan tsirkiya, kamar 2.4 a E, 2.0 a G, na tsakiya su bi gantsarewar wuya. Mai duka da ƙarfi ya ƙara kaɗan. In sadul sun kwanta ƙasa kuma har yanzu tsirkiya na sama, cire wuya ka sa siririn kati a ramin ta ɓangaren da ke kusa da fikof. Rodi ba na rage tsayi ba ne, wannan kuskuren ya karya wuya da yawa.

Na uku ƙashi. Danne a firet na 3 ka duba na 1, ya zama akwai 'yar tazara da kyar ake gani.

Na huɗu fikof. Danne firet na ƙarshe, bar kamar milimita 3 a gefen E, ƙasa da haka kaɗan a G, sannan ka bi da kunne har ƙarfin tsirkiyoyin ya zo ɗaya. In ya matso da yawa maganaɗisu na jan tsirkiya sauti ya riƙa rawa.

Na biyar daidaiton sauti. Saita tsirkiya a sake, sannan danna firet na 12 ka duba manhaja. In ya haura, ja sadul baya nesa da wuya. In ya gaza, turo shi gaba. Sake saitawa bayan kowane juyi, kuma ka yi shi kana riƙe da bes yadda kake kiɗa, ba a kwance a tebur ba.

10. Hunturu da damina

Saitin da ka yi a Agusta ba zai kai ka Janairu ba. A Jos sau biyu a shekara za ka duba rodi, farkon hunturu da kuma bayan ruwa ya zauna wajen Mayu ko Yuni. Da hunturu ajiye ta a jaka tare da soso mai ɗan danshi a cikin robar sabulu da ka huhhuda, kar ruwan ya taɓa jikinta. Da damina cire soson ka sa ƙunshin silika irin na kwalin takalmi, kuma kar ka jingina ta da bango mai sanyi, nan fumfuna ke kamawa. In kana zuwa wasa Abuja kar ta wuni a but ɗin mota cikin rana, zafin yana sakin gam. Mai fentin naitiro kuma ka naɗa tsumman auduga a robar abin jingina ta, robar tana cin fentin.

Tsofaffin kayan da ka cire, bolum, jak, ƙashi, har sukurun da suka cinye, zuba su a leda ɗaya da takarda mai kwanan wata da abin da aka canza da awon da ka samu a mita, ka sa a aljihun jakar.